Kasko Goma Sha Huɗu

Da hantsi aka kira Sufeto Riskuwa daga Argungu zuwa Gulma. Malam Hodi, alƙalin gasar harbin mafarauta, yana kwance matacce cikin kwalekwale a bakin ruwa, wuyansa a yage, jini ya cika gindin jirgin. Daga gaɓa aka harbe shi yana tsakiyar gulbi yana tuƙi.

Kafin Riskuwa ya iso, mutanen gari sun riga sun yanke hukunci. Sun ce wannan harbi sai ɗan aji ɗaya a gasar, kuma wani maharbi Dikko kaɗai ke aji ɗaya a garin. Da ƙyar 'yan sanda suka ƙwace shi daga hannun dangin Hodi, an sassare shi da adda, aka wuce da shi asibitin Birnin Kebbi. Ran Riskuwa ya ɓaci ƙwarai, don ba ya son shari'ar da adda ke yankewa.

Sarkin mafarauta ya bayyana masa tsarin. Kasko ashirin da biyar ake cilla wa kowa sama. Wanda ya fasa ashirin, aji ɗaya. Sha biyar, aji biyu. Ƙasa da haka aji uku, kuma zakaran aji ukun ake ba injin ban ruwa, don a ƙarfafa wa masu koyo gwiwa.

"Wa ya ci injin bana?"

"Sunusi, ranka shi daɗe. Shekara ukku ke nan a jere."

Riskuwa ya je wurin Sunusi, ya tarbe shi a gonarsa ta shinkafa yana washe baki, bindigarsa a jingine da bukka.

"Yallaɓai, ni da ko tantabara ban iya samu? Ɗan aji ukku nike, tambayi kowa."

Riskuwa ya nufi gidan Laure mai ginin tukwane, wadda ke yin kaskon gasar.

"Inna, yaya harbin Sunusi yake?"

"Wanga yaro? Sha huɗun farko ɗaya bayan ɗaya shika watse su, ko ƙyaftawa ba shi yi. Sannan sauran sha ɗaya su hwaɗi ba ko kwarzane, in tsince abina. Ni nig gaya ma Hodi, yac ce gobe za shi maishe shi aji ɗaya gaban jama'a, a amshe injin."

Riskuwa ya koma gonar da kurtu biyu.

"Sunusi, makaho ba ya fasa sha huɗu a jere sannan ya tuna shi makaho ne."

Sunusi ya yi tsalle ya fizgo bindiga ya harba. Harbin ya tsaga kafaɗar kurtu ɗaya, ya faɗi cikin laka yana ihu. Riskuwa ya afka masa, suka yi ta birgima a taɓo har ya murɗe masa hannu ya sa ankwa.

"Me Hodi ya yi maka?"

"Za shi kunyata ni! Injin nan shi ka ci da gidana. Na roƙe shi, yaƙ ƙiya. Ni na halbe shi."

Aka jefa shi bayan mota.

Da la'asar Riskuwa ya isa asibiti da gudu don ya gaya wa Dikko an wanke shi. Dikko ya saurara, sannan ya ɗaga hannunsa na dama. Likitoci sun yanke shi daga wuyan hannu.

"Na gode, Yallaɓai," in ji shi. "To yanzu wane aji za su sa ni?"