Alamar Da Ke Kowane Shafi

"Inna, wa ya buɗe min akwati?"

Inna Hasiya ba ta ɗago daga tsintar shinkafar da take yi ba. "Ke ko sallama babu?"

"Inna, don Allah! Littafina mai koren bango, ba ya ciki..."

"Babanki ne ya ɗauka, tun shekaranjiya."

Kubra ta dafa bango. Dawowarta ke nan daga kamfanin sufurin da take buga tafireta, ko takalmi ba ta cire ba.

Mahaifinta, Alhaji Isa, dillalin dankalin Turawa ne a Farin Gada. Duk wasiƙar da ta shigo gidan shi yake fara buɗewa, ta boko ce ko ta ajami. Shi ya sa tun da Kubra ta koyi shotan, gajeren rubutun nan na sakatarori, a makarantar kasuwanci ta Gada Biyu, ta mai da shi maɓoyarta. Shekara biyu ke nan, tun 1976, tana zuba abin da ke ranta a littafin. Duk gidan babu mai iya karanta ko layi ɗaya.

"Me zai yi da shi? Ai ba zai gane ba."

"Shi ya sa ya aika aka kira mai ganewa," in ji Inna. "Malaminku na da. Suna zaure."

"Wane malami?"

"Jika mana."

"Innalillahi..." Kubra ta sulale ta zauna a kan turmi. "Inna, kin kashe ni!"

"Ni? Ni na ce ki riƙa zanen tsutsotsi kina ɓoyewa a ƙasan zannuwa? Tashi, ke suke jira."

Malam Jika saurayi ne ɗan shekara ashirin da bakwai, mai ƙarancin magana. Shi ya koya mata shotan, shi ya nuna wa ajinsu yadda ake lanƙwasa shi ya ɗauki Hausa. Tun da ta gama makaranta gaisuwar hanya kaɗai ke haɗa su. Bai taɓa ce mata komai ba, ita ma haka. Littafin ne kawai ya sani.

Ta same su a kan tabarma, littafin a tsakiya. Ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Malam," in ji Alhaji, "kai ka koya mata wannan abu. Karanta min daga farko."

Jika ya ɗauka ya buɗe. Kubra tana kallon idonsa yana gudu a kan layi, irin gudun wanda ya saba. Sai idon ya tsaya cak. Ya koma baya, ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Ya rufe littafin da sauri kamar ya ƙone shi.

"Lafiya?"

"Alhaji... ai... darasi ne. Irin shiftar da muke ba su."

"Darasi?"

"E, ranka ya daɗe."

Alhaji ya yi murmushin da babu daɗi a cikinsa. Ya zaro wata takarda daga aljihu ya shimfiɗa. A jikinta ya kwaikwayi wata 'yar alama da biro, da gajerun layuka biyu a ƙarƙashinta.

"Ni ban iya karatunku ba. Amma shekara talatin ina rarrabe buhun manoma da shaidar da kowa ya zana a nasa. Kwana biyu ina bin littafin nan. Wannan alamar tana kowane shafi, wani shafin har sau biyar. Na tambayi Suzana, sakatariyar ƙungiyarmu, me layuka biyun nan suke nufi. Ta ce haka ake yi wa sunan mutum." Ya buga yatsa a kan takardar. "Wane irin darasi ne ake kiran mutum ɗaya shekara biyu?"

Kubra ta ƙura wa takardar ido. Ta ɓoye kalmomin duka, ba ta taɓa tunanin yawan alamar kaɗai zai tona ta ba.

Jika ya sunkuyar da kai. "Na yi maka ƙarya, Alhaji, ka gafarce ni. Ba darasi ba ne. Amma ba zan karanta ba."

"Me ka ce?"

"Ba ni aka rubuta wa ba, ba kai aka rubuta wa ba. Sai in mai shi ta yarda."

"A gidana? 'Yata?" Muryar Alhaji ta cika zauren. "To, ku ji. Ko in san sunan nan yanzu, ko daga yau ta bar aiki, ta bar fita. Ba zan zauna wani ɗan iska yana hure mata kunne a ɓoye ba!"

"Baba, babu wanda ya hure min kunne..."

"To, wane ne?"

Ta dubi Jika. Bai ɗago ba. Ya riƙe littafin da hannu biyu, ta gane ko za a yanka shi ba zai faɗa ba.

"Baba..." Ta juyo ga mahaifinta. "Ga shi nan zaune a gabanka."

Daga bayan labule aka ji Inna ta ce, "La'ilaha illallahu!"

Alhaji ya juya a hankali. "Kai? Da hannuna na kawo ɓarawo ya duba min kaya?"

"Wallahi, Alhaji, yau na sani! Yanzun nan, a kan tabarmar nan."

"Gaskiya ya faɗa, Baba. Bai sani ba. Babu wanda ya sani."

"Ni ma da na haife ki?"

Hawayen da take riƙewa suka zubo. "Baba, wasiƙar ƙawata ma sai ka karanta kafin in gani. Akwatina ka buɗe. A ina kake so in ajiye abin da ko ni kunyarsa nake ji?"

Alhaji ya daɗe yana kallon takardar da ya yi zanen a kanta.

Jika ya gyara zama.

"Baba," ya ce, karo na farko da ya kira shi haka, "sau uku ina zuwa bakin ƙofar nan ina komawa. Ina ganin wa zai ba malamin tafireta 'yar Alhaji Isa? Ban so a ce ta wannan hanya na sani ba. Amma tunda na sani, ina neman izini."

"Izinin me?"

"In turo manyana."

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa. "Ka yi min ƙarya a gidana."

"Na yi."

"Na tsawata maka, ka ƙi tona ta."

"Haka ne."

"Hmm." Ya miƙa hannu, Jika ya ba shi littafin. Ya juya shi sau ɗaya, bai buɗe ba, ya tura wa Kubra. "Ɗauki abinki." Sannan ya miƙe yana gyara hula. "Su zo ranar Juma'a bayan an sauko. Kuma su zo ta ƙofa."

Ya shige cikin gida. Kubra ta rungume littafin a ƙirji.

"Kubra..." in ji Jika a hankali.

"Layi nawa ka karanta, Malam?"

"Huɗu. Wallahi huɗu ne. Ido ne ya riga ni."

"Wane shafi?"

"Na farko. Inda kika ce in na juya ina rubutu a allo..."

"Malam!" Ta rufe fuska da mayafi. "Kar ka ƙarasa!"

"Sauran fa, abar ƙaunata? Wata rana?"

Ta share hawaye, ta dube shi sosai.

"Ko bayan aure, sai ranar da na miƙa maka da hannuna."

"Na yarda," in ji shi.