Babban Yatsan Ubale

Mazaɓar Rijiyar Sajo, tsakanin Gagarawa da Sule Tankarkar, babu ita yanzu, an haɗe ta da maƙwabta. Sau uku muka yi zaɓen kansila da Ubale a cikinta, kuma har gobe ban yafe masa ba.

Dillalin awaki ne a kasuwar Maigatari, mai idon cin naira. Da ya ga kansiloli na hawa mota, sai ya tsallaka iyaka wajen wani boka. Da tsakar rana ya same shi a bukkar da aka lulluɓe da fatun baƙaƙen awaki, ƙudaje sun yi dandazo a kan wata tukunya mai ƙarni.

"Kujera nake so, da abin da ke cikinta," in ji Ubale.

"Tsoma babban yatsanka a tukunyar nan. Wanda ya fara dangwala maka ƙuri'a a kowane zaɓe, namu ne. Ran da ka fasa takara, kai ne namu."

"Ko wane ne?"

"Ba ma zaɓe. Ku ke zaɓe."

Mugun ya tsoma, yana murmushi.

Ranar zaɓe ya sa wani baƙon manomi a gaban layi. To amma mu a garinmu ba a barin tsohuwa tsaye a rana. Da Inna Talatu, uwar Ubale, ta iso da sandarta, jama'a suka dare, aka kai ta gaba. Ya ci zaɓe. Kafin a rantsar da shi yatsanta ya yi baƙi, baƙin ya haura har wuya, muka binne ta. Shi kuwa sai gidan bene a Gumel da manyan motoci.

A zaɓe na biyu ya kulle iyalinsa a gida. Aminullahi, ɗansa na fari da ya yi sabon katin zaɓe, ya haura katanga da sassafe, ya riga kowa dangwala ƙuri'a don ya faranta wa ubansa. Yaron kirki wallahi. Uwarsa Naja'atu ta zauce a kan gawarsa, har yau tana bin mutane tana duba yatsunsu.

Daga nan muka gane. Gidaje suka yi ta ƙaura.

A zaɓe na uku ya raba wa 'yan layi atamfa da taliya, ya tsaya sai da kowa ya gama, sannan ya shiga ya dangwala tasa. Mun karɓi kayansa.

Da la'asar malamin zaɓe ya juye akwati a gaban kowa, ya ware, ya ɗago kai.

"Alhaji Ubale, ƙuri'a ɗaya."

Ya dubi yatsansa, ya ga ya fara baƙi. Ya goga a riga, ya goga a ƙasa, ya roƙi ruwa. Ba wanda ya motsa.

Kai mai neman kujera ta kowace hanya, ka sani ba a yi wa Ubale zaman makoki ba.