Injin da Bai Iya Bismillah Ba

Ana gab da kiran magariba aka yi jifan farko a kan kwanon rufin. Zubaidatu tana tsaye tana gugar farar jallabiyar wani Balarabe, ta ja tsaki, ta ce yaran unguwar Aziziyya ta Jidda ba su da tarbiyya. Sai da ta juya hannun rigar sannan ta tuna a ƙololuwar bene take, kuma babu gini a layin da ya kai nasu tsawo. Aka sake jifa. Wannan karon tsakuwar ta gangara a hankali, ta bi karkatar rufin har ta tsaya a can kusurwar da kwanon ya kusa taɓa ƙasa. 'Yarta Sajida, wadda ke ninke kaya a bakin ƙofa, ta dube ta, ita ma ta dubi 'yar.

Ɗakin dai ba don mutum aka yi shi ba. Mai gidan ya kafa shi ne a saman bene don tarkace, ya jingina kwano daga dogon bango zuwa gajere. A bakin ƙofa kana iya tsayawa, a tsakiya sai ka sunkuya, a ƙurya kuwa sai rarrafe. Nan Zubaidatu ta samu bayan an rushe unguwarsu a Nuzla, kuma ta gode wa Allah, don mai gidan bai tambaye ta iƙama ba, takardar izinin zama a ƙasar. Mijinta Muntaka an kama shi a hanyar aiki tun Sajida na rarrafe, aka mayar da shi gida, ya yi ta cewa zai dawo har ya daina cewa. Abin da ya rage mata a duniya yarinyar nan ce, wadda aka haifa a Jidda, ta zama budurwa tana jin Hausa sarai amma in za ta mayar sai ta haɗa da Larabci.

Ita ma yarinyar akwai mai jiran ta. Mastura, yayar Muntaka, tana aure a unguwar Bagdadiyya, tana da takardu, tana da na'urar sanyi a kowane ɗaki. Duk zuwan da za ta yi sai ta toshe hanci da gefen mayafi ta ce, "Zubaidatu, ranar da kika ga ba za ki iya ciyar da ita ba, ki turo min 'yar ƙanena." Maganar taimako ce, amma Zubaidatu ta fi son a mare ta. Ta rantse a ranta cewa ko farcenta zai zube a ruwan sabulu, Mastura ba za ta ga wannan rana ba.

Shi ya sa ta sayi tsohon injin wanki, gassala kamar yadda ake cewa a nan, ta shirya ɗakin da dabara irin ta wanda ba shi da zaɓi. Murfin injin sama yake buɗewa, don haka dole ya zauna a jikin dogon bango, teburin guga na gefensa. Igiyoyin shanya ta ja su daga sama zuwa tsakiya, dogayen jallabiyoyi a inda rufi ke da tsawo, wanduna da singileti a inda ya sunkuyo. Ruwan datti ne kawai ya rasa hanya, sai ta gano wani tsohon rami na magudana a can ƙuryar da ba a shiga, ta ja doguwar tiyo ta zura a ciki. Fararen kayan Larabawa ba sa fita sai da ruwa mai zafin gaske, ta haɗa wa injin tukunyar dumama ruwa. Tana kunnawa ta sauka kai kayan mutane, kafin ta dawo ya gama, ya zubar da ruwansa shi kaɗai. Ta ce wannan shi ne hutu.

Abin takaicin, Zubaidatu ba jahila ba ce. Tun tana yarinya a Gumel ba ta taɓa watsa ruwan zafi a ƙasa ba tare da ta ce, "Bismillahi, ku kawar da 'ya'yanku" ba. Ko ruwan taliya za ta tsiyaye sai ta faɗa. Amma ko sau ɗaya bai zo mata a rai ba cewa injin da ta bari yana tuttuɗa tafasasshen ruwa a rami mai duhu ba shi da bakin neman gafara.

Daga wannan yammacin jifa ya zama na kullum, kuma ba ya wuce almuru. Rana na faɗawa teku sai kwano ya ɗauki ƙara. Aka fara samun ɗan tafin hannu baƙi, ƙarami kamar na jinjiri, a ƙirjin fararen rigunan da ke shanye. Wani lokaci kuma in injin ya yi shiru, sai a ji kuka siriri yana fitowa ta cikin tiyo. Zubaidatu ta ce kyanwa ce. Ta san ba kyanwa ba ce, amma wanda ba shi da takarda ba ya ihu, ko maƙwabci ba ya so ya san yana da damuwa. Ta sake wanke rigunan, ta ƙara zafin ruwan.

Wata magariba ruwan ya ƙi wucewa, ya dawo yana malala a tsakar ɗaki. Sajida ta tattare siket ɗinta.

"Halas, bari, Ummi, bayanki yana ciwo. Ni zan duba."

Ta durƙusa ta rarrafa ƙarƙashin rufin har duhun ya haɗiye ta, ƙafafunta kawai ake gani. Uwar ta ji ta daɗe. Ta kira sunanta, shiru. Da ta kamo ƙafar ta jawo ta, jikin yarinyar zafi rau, bayan hannunta ya tashi da bororo kamar wadda aka zuba wa tafasasshen ruwa. Ta buɗe ido ta dubi uwarta sama da ƙasa, ta ce da wata murya ta tsohuwa, cikin Hausar da rabon Zubaidatu da jin irinta tun kakarta na raye, "Ke ce mai gidan? Sannu da ɓarna."

Asibiti ba wurin zuwan su ba ne, Mastura kuwa ita ce ta ƙarshe da za ta so ta ji. Kwana da kwanaki ta rufe ƙofa tana tofa abin da ta iya, yarinyar ba ci ba sha, sai ta koma ƙurya ta zauna tana jijjiga hannuwa kamar mai rarrashin goyo. Da ta ga numfashin ya fara sama-sama, ta aika a ɓoye aka kira Shehi Othman, wani dattijo haifaffen Jidda wanda kakanninsa suka zo hajji a ƙafa.

Ya iso bayan la'asar yana haki saboda matakala. Ya dubi injin, ya bi tiyo da ido har ramin, ya girgiza kai. Zubaidatu ta roƙe shi ya yi karatun a hankali saboda maƙwabta. Ya zauna a inda rufi ya tilasta masa sunkuyawa, ya fara. Haske yana janyewa daga bakin ƙofa, jikin Sajida yana miƙewa yana lanƙwashewa, har muryar ta fashe.

"Ya isa, Malam! Ni ma musulma ce, kada ka ƙona ni."

"To me kike yi a jikin baiwar Allah?"

"Tambayi uwarta. A Nuzla nake tun ana ɗebo ruwa a kan jaki. Da aka rushe, kowa ya kama gabansa, na ɗauko ɗana na samu ramin nan. Ban taɓa musu ko allura ba. Kullum sai a sheƙo mana wuta babu sallama. Na yi jifa, na nuna mata hannunsa, ta ƙara zafi. Bayan ɗana ya saluɓe, Malam. Jiya na binne shi."

Shehi ya ce, "Ba da sani ta yi ba, kuma yarinyar ba ta da laifi. Faɗi abin da kike so, ki fita."

"A fitar da ƙarfen nan daga ɗakin nan yau, kada ya sake dawowa. In ba haka ba, ina nan."

Shehi ya juyo. "Kin ji, Ummu Sajida. Ki ce kin yarda."

Kalma ɗaya ake nema. Amma a ɗan wannan lokaci Zubaidatu ta hango kanta babu inji, babu masu kawo wanki, babu ɗaki, ta hango Mastura tsaye a bakin ƙofa da mayafi a hanci. Ga kuma bakin da ya shekara yana ja-in-ja da matan Larabawa a kan kowace riga. Kafin zuciyarta ta yi magana, bakin ya riga ta.

"To... in na koma ruwan sanyi fa? In sauya wa tiyon hanya. Ko da safe kawai in riƙa kunna shi."

"Hajiya!" in ji Shehi.

Yarinyar tana kwance tana karkarwa, leɓenta ya tsage. Muryar ta yi wata dariya marar daɗi, doguwa.

"Ciniki kike yi? Ni da a ce an tambaye ni, da Jidda duka na bayar." Sannan ta ce a hankali, "Na sallama. Riƙe ƙarfenki. Malam, ka shaida na fita, ba zan dawo ba. Amma ki sani, tun da na shiga ban toshe wa 'yarki kunne ba."

Sajida ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki. Shehi ya tofa a ruwa ya ba ta, ya tashi. Zubaidatu ta miƙa masa ɗan abin sadaka, ya ƙi karɓa, kuma bai dube ta ba har ya sauka.

Ba a sake jifa ba. Bororon ya bushe, yarinyar ta fara cin abinci, tana amsa duk abin da aka ce mata da "ɗayyib", wato "to" da Larabci. Zubaidatu ta yi ta shirya maganar a ranta, cewa don ke na yi, injin nan shi ne ya riƙe min ke. Gaskiya ce kuwa tsantsa, amma duk lokacin da ta buɗe baki sai ta ga idon yarinyar, ta koma kan gugarta. Magana zarar bunu ce, ta riga ta fita.

Ranar Juma'a da hantsi ta dawo daga kai kaya ta tarar da Sajida sanye da abaya, da 'yar jaka a hannu.

"Gwaggo tana ƙasa, a mota. Ni na kira ta."

"Sajida, ki tsaya ki ji. Wallahi ban..."

"Na ji, Ummi. Duka na ji." Ta yi ƙoƙari ta haɗa Hausar ba tare da ta sa Larabci ko ɗaya ba. "Ita ɗanta ya mutu, ba ta nemi komai ba sai ƙarfe. Ke kina da ni, kika nemi ragi."

Ta sumbaci goshin uwarta kamar yadda aka koya mata, ta juya. Zubaidatu ta tsaya a inda rufin ke da tsawo tana jin takun yarinyar yana sauka hawa bayan hawa. Can ƙasa aka rufe ƙofar mota.