Uwargida Ba Ta Cin Kawa

"Yau ma me ka ce wa Pippa?" Tamsin ta tambaya, tun ba su gama zama ba.

Rowan ya shiga gyara wuƙa da cokali, alhali a gyare suke. "Na ce ina da taron aiki."

"Ranar Lahadi? Da rana tsaka?"

"Tam, don Allah... ba a nan ba."

Shekara biyu ke nan suna tare, amma 'yarsa Pippa mai shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa jin sunan Tamsin ba. Tun rasuwar matarsa Elspeth yake lallaɓa yarinyar kamar ƙwai. Tamsin ta yi haƙuri har ta gaji. Ta riga ta yanke a ranta: in aka tashi daga teburin nan tana nan a matsayin taron aiki, to shi ke nan.

Gidan abincin irin wanda ake kama wuri tun wata uku ne, yana kallon tashar jiragen ruwan Hobart. Ba ka zaɓe, abin da lokaci ya kawo shi za a ba ka, kala tara, kowanne loma biyu a tsakiyar faranti mai faɗin tire, da jawabin da ya fi abincin yawa. Yanzu Yuli ne, tsakiyar sanyi a wannan kudancin duniya, lokacin da kawa, halittar tekun nan mai ɓawo biyu, ke yin ƙiba, kuma ita ce Tamsin ta zo ci. A gonar kawar babanta ta tashi, tun ba ta iya rubuta sunanta ba ta iya ɓare ta.

Mai hidima, wata dattijuwa mai taushin murya, ta ajiye wa Rowan kawa ɗanya a ɓawonta bisa ƙanƙara. Gaban Tamsin kuwa sai ga gasasshen naman kaza.

"An yi kuskure," in ji Tamsin.

"A'a, ranki ya daɗe, mun kiyaye. Yana rubuce a wurinmu tun zuwanku na baya, uwargida ba ta cin kawa, tana kumbura mata maƙogwaro." Ta yi murmushi. "Barka da dawowa, uwargida Elspeth."

Ta wuce abinta, ba ta san wutar da ta kunna ba.

Tamsin ta ji kunya da baƙin ciki sun rufe ta lokaci guda. Ta dubi Rowan, fuskarsa ba mamaki ko kaɗan, wannan ya fi komai yi mata ciwo.

"Ka sani."

"Da na kira don kama wuri, sun tambaye ni ko komai na nan yadda yake..."

"Ka ce musu eh."

Ya sunkuyar da kai.

"A gida ni taron aiki ce, a nan kuma matarka ce. To a ina nake Tamsin? Gaya mini, in je can in zauna."

"Masoyiyata, saurare ni..."

"Kar ka kira ni haka da farantin wata a gabana."

Idanunsa suka kawo ruwa. "Na rufe asusunta na banki, na mayar da katinta na asibiti, na ba da kayanta. Ko'ina sai da na kai takardar shaidar mutuwarta. Nan kaɗai ya rage a duniya da ba su san ta mutu ba. Da matar ta ambaci sunanta a waya kamar tana raye, wallahi bakina kasa buɗuwa ya yi."

Zuciya ba ta da ƙashi. Tausayinsa ya kama ta, amma tausayi bai taɓa ba mace mazauni ba. Ta ninke adikon da ke cinyarta, ta ɗauki jakarta.

"Ban ce ka manta da ita ba, Rowan. Ni dai ba zan iya ci a madadinta ba."

Ganin ta miƙe, dattijuwar ta taho da sauri. "Lafiya, ranki ya daɗe? Abincin ne?"

Rowan ya tashi. "Matata ta rasu, shekara huɗu ke nan. Laifina ne da ban faɗa ba. Wannan Tamsin ce, ta fi mai dafa muku sanin kawa."

Matar ta dafe ƙirji. "Allah sarki... in goge wancan bayanin?"

Tamsin ce ta amsa, "Bar shi. Ki rubuta nawa a ƙasa."

Da aka kawo mata kawar, ta zauna amma ba ta taɓa ba.

"Saura Pippa," in ji ta.

"Da mun koma zan..."

"Yanzu."

Ya ciro waya ya kira. Ta yi ƙara sau uku, sannan siririyar murya ta ce, "Baba? Taron ya ƙare?"

"Ba taro ba ne, 'yata. Ƙarya na yi miki. Ina tare da wata da nake so ki sani."

Pippa ta ce, "Wace ce?"

Sai da Tamsin ta ji sunanta ya fita daga bakinsa, sannan ta kai kawar baki, hawaye na bin kumatunta.