Ƙaguwar Baba

A wani ƙauye kusa da Bunkure, a bakin kanal ɗin da ke kai ruwa gonakin rani, akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Ba ta da wani aibu sai son tsabta. Son tsabta kuwa ba aibu ba ne, sai dai ran da ya zama.

Babanta, Malam Usaini, bakaniken babura ne. Rumfarsa tana ƙofar gida, ƙarƙashin dalbejiya. Sunan mahaifiyarsa aka sa wa yarinyar, don haka Uwata yake kiran ta.

Rabin kayan aikin Baba ba a kanti ya saye su ba. Da hannunsa ya ƙera su. A cikinsu akwai wani ƙarfe da ya sa wa suna Ƙaguwa. Rodi ne aka lanƙwasa kamar lauje. A bakinsa akwai dogon bolti, a kan boltin kuma guntun bututu mai 'yar taga a gefe. Ya yi tsatsa, waldarsa duk ƙulu-ƙulu. Ba wanda ya taɓa cewa yana da kyau, har shi Baban.

Wata Asabar da safe, yarinyar tana Islamiyya, Malam Dattijo ya turo babur ɗinsa yana haki. Dattijo tsohon manomin tumatir ne. Ya ce babur ɗin tari kawai yake yi, ko gadar kanal ba ya iya hawa. Ga shi yau da yamma za a tsinke masa tumatir. Gobe da asuba dole ya yi jigilar kwandunan zuwa bakin titi kafin motar kasuwa ta wuce.

Baba ya kwance kan injin ya duba. Ya ce bawul ne ba ya zama daidai. Ya sa Ƙaguwa ya ciro bawul ɗin guda biyu. Ya yi wa Dattijo alkawari kafin magariba babur zai tashi. Sai ya ajiye Ƙaguwa a ƙasa, ya hau keke ya tafi Bunkure sayo man goge bawul.

Da yarinyar ta dawo, ta tsaya ta dubi rumfar. Gwangwanaye a nan, tsohuwar sarƙa a can, ƙarafa ko'ina. Ta ce a ranta yau Baba zai sha mamaki. Ta yi gaskiya kuwa.

Ta ɗauko tsintsiya ta share tas. Kan injin da ke bisa benci ba ta taɓa shi ba. Amma duk abin da ta ga ya yi tsatsa a ƙasa, ta tara shi gefe.

Tana cikin haka sai ga mai gwangwan da baronsa, yana kiran a kawo tsohon ƙarfe a karɓi roba. Ta miƙa masa tarin. Ya ɗaga Ƙaguwa ya jinjina nauyinta, ya jefa a baro. Ya ba yarinyar jan kofin roba mai murfi, ya yi gaba.

Baba ya dawo bayan azahar. Ya dubi rumfa, ya ce yau har kunyar taka ta yake ji. Yarinyar ta ji daɗi ƙwarai.

Al'adar Baba ce, kafin ya fara aiki sai ya jera kayansa a kan buhu. Ya jera sifana, ya jera filaya, ya jera sukudireba. Wuri ɗaya ya rage babu komai.

Ya duba ƙarƙashin benci. Ya duba bayan dalbejiya. Ya leƙa cikin gida ya tambayi matarsa, Umma Binta, ko ta ga Ƙaguwa. Umma ta ce ita ƙaguwar da ta sani tana cikin kanal.

“Wane iri ne, Baba?” in ji yarinyar.

“Lanƙwasasshen ƙarfe, mai bututu a baki. Mummuna haka.”

Nan take ta tuna da ƙarfen da ta ba mai gwangwan. Ta ɓoye jan kofin a bayanta, ta yi shiru.

Ana haka Dattijo ya iso daga gona. Da ya ji abin da ake ciki, sai ya zauna a benci ya cire hula. Ya tambaya ko ba a sayar da irin ƙarfen. Baba ya ce ana sayarwa, amma sai cikin birnin Kano. Kafin mutum ya je ya dawo, dare ya yi.

“Malam Usaini,” in ji Dattijo, “shinkafa tana jira, masara tana jira. Tumatir bai san ‘sai jibi’ ba.”

Baba ya ce bari ya gwada da hannu ya gani. Yarinyar ta matso tana kallo.

Bawul kamar doguwar ƙusa yake mai faffaɗan kai. Shi ke buɗewa da rufewa don inji ya shaƙi iska ya fitar da hayaƙi. Wani sifirin mai ƙarfi ne ke riƙe da shi. A saman sifirin ɗin akwai wasu 'yan ƙarafa biyu, kowanne kamar ƙwayar alkama, ana kiran su kota. Su ke kulle komai. Ba sa shiga sai an danne sifirin ƙasa sosai, an riƙe shi a haka. Aikin Ƙaguwa ke nan.

Baba ya sa sifana ya danna da iyakar ƙarfinsa. Sifirin ya sauka kaɗan. Sai sifana ta zame. Sifirin ya yi tsalle ya daki kwanon rumfa, kota ɗaya ta yi nata wuri. Babban yatsan Baba ya fashe, jini ya fito.

Su uku suka durƙusa suna laluben ƙasa. Da ƙyar yarinyar ta hango kotar a gindin benci. A nan dai sharar ta yi rana.

Ta miƙa wa Baba. Ta dubi yatsansa. Ta dubi Dattijo, wanda ya zuba wa hanyar gonarsa ido. Ta ji ba za ta iya ci gaba da shiru ba.

“Baba, ni ce. Na ba mai gwangwan. Na zaci shara ce.”

Baba ya juyo ya tambaye ta.

“Me ya ba ki?”

Ta fito da kofin.

Ya karɓa, ya juya shi, ya buɗe murfin ya rufe. “To, ba laifi, yana da murfi,” ya ce. “Shekara tara ina aiki da ita, Uwata. Da kin tambaye ni. Da kuma kin faɗa tun ɗazu, da yatsana yana nan lafiya.”

Hawaye ya zubo mata. Ta ce za ta bi mai gwangwan da gudu. Baba ya ce yanzu mutumin ya kusa Kura, kuma kuka ba ya danne sifirin. Wanda ya ƙera ta farko bai mutu ba. Amma lokaci ya ƙure, sai ta ara masa hannuwanta.

Ya ɗaure yatsansa da tsumma. Ya ɗauko wani ɗan sandan dalbejiya mai guntun tiyo a baki. Shi ma ƙirarsa ce, ya tsira ne don mai gwangwan ba ya sayen itace. Ya shafa man gogewa a leɓen bawul, ya zura shi a gurbinsa, ya cusa wutsiyarsa cikin tiyon. Ya ce ta riƙa murza sandan tsakanin tafukanta, gaba da baya, har bawul ya zauna daram.

Ta gwada. “Ai wannan burga miya ce, Baba.”

“Ita ce. Sai dai wannan miyar ba a ɗanɗanawa.”

Yarinyar kuwa ta iya burga miyar kuka tun tana aji uku. Ta zauna ta dinga murzawa, sandan yana ƙara shuu, shuu.

Shi kuma Baba ya shiga bayan gida. Ya fito da ragowar rodin gini, da wani tsohon bututun ƙarfe na injin ban-ruwa. Bai ɗauko abin awo ba. Ya kifa bakin bututun a kan sifirin, ya ga ya zauna daidai, ya gyaɗa kai. Ya yanke guntu da zarto. Ya fafe masa taga a gefe, ya goge bakin da magagari. Ya maƙala rodin a tsakanin rassan dalbejiya, shi da Dattijo suka ja har ya lanƙwashe.

Yarinyar tana murzawa tana satar kallo. Ɗazu waɗannan abubuwa shara ce. Yanzu ga su suna zama wani abu a hannun babanta. Ba littafi a gabansa, ba zane. Duk a kansa abin yake.

Baba ya kwashi ƙarafan ya haye gada zuwa wurin Lukmanu mai walda. Bayan la'asar ya dawo da sabuwar Ƙaguwa, tana da ɗumi. Dattijo ya dube ta, ya ce ta fi ta farko muni. Baba ya yi masa godiya.

Ya duba aikin yarinyar. Leɓen kowane bawul ya yi zobe mai toka-toka, sumul, babu inda ya yanke. Ta ga ya yi murmushi. Ya wanke su tas da kananzir.

Sai ya ɗora Ƙaguwa. Ƙasanta ya tokare kan bawul, bututun ya hau sifirin. Ya fara murza bolti da yatsu biyu kawai. Sifirin ɗin nan da ya gagari ƙarfin babban mutum ya dinga sauka a hankali, kamar yaro mai ladabi.

“Uwata, yatsana ya kumbura. Zura kota ta taga.”

Ya ɗiga musu ɗan giris don kada su zame. Ta sa ƙananan yatsunta ta zura ta farko, ta zura ta biyu. Baba ya warware bolti. Aka ji ƙas, komai ya kulle. Haka suka yi wa ɗaya bawul ɗin.

Baba ya ce saura jarrabawa. Ya karkata kan injin, ya zuba kananzir ta ƙofar iska. Idan bawul bai zauna ba, kananzir zai tsattsafo ta ƙasa. Su uku suka sunkuya suna kallo. Suka jira, suka ƙara jira. Ko ɗigo bai fito ba.

“Kin ci,” in ji Baba.

Rana tana gab da faɗuwa ya ɗaure noti na ƙarshe. Dattijo ya yi bismilla ya taka. A taku na biyu babur ya tashi, muryarsa fes. Ya hau gadar kanal kamar ba shi ne mai tari da safe ba.

Washegari da hantsi Dattijo ya dawo. Kwandunansa duk sun shiga mota. Ya kawo ɗan ƙaramin kwando cike da tumatir, ya ce na jikarsa ne mai burga inji.

Tun daga ranar, yarinyar ba ta daina shara ba. Amma kafin ta zubar da komai a rumfa, sai ta ɗaga ta ce, “Baba, wannan fa?” Sau da yawa amsar takan zo da labari, ta koyi sabon abu.

Jan kofin ma ya samu aiki. A ciki Baba yake ajiye kota, ya rufe da murfi. Yakan gaya wa masu kawo gyara cewa duk Bunkure babu kofin da ya kai shi tsada.

Yara, darajar kayan aiki ba a ƙyalli take ba, a aikin da yake yi take. Kada ku zubar da abin da ba ku san amfaninsa ba, ku tambaya tukuna. In kuma kun yi kuskure, ku faɗa da wuri, tun gyaransa yana da sauƙi.