Ƙibar Yunwa

"Wannan ce yarinyar da ka ce min ba ta samun na ci?"

Yayar Injiniya ce ta jefo tambayar tana tsaye a tsakiyar ɗakina, ko takalmi ba ta cire ba. Ta zo ne ganin matar da ƙaninta ke son aura, wato ni, mai shara a makaranta, bazawara mai 'ya ɗaya. Idonta ƙur a kan Gimbiyata, 'yar shekara bakwai, da ta laɓe a bayana.

"Yaya, don Allah..." in ji Injiniya.

"Don Allah me? Dubi wuyanta fa! Wannan in ta shigo gidanmu ai har tukunya sai ta cinye!"

Na ji yarinyar ta damƙe zanena. Na jawo kwalin da muke ajiye abinci, na tura shi gaban matar. Burodi, sukari, taliya, sai biskit mai arha.

"Duba da kyau, Anti. Kin ga nama? Kin ga ƙwai ko madara? Iya abin da ƙarfina ke kaiwa ke nan, shi ke cika ciki ya hana ta kuka. Ranar da babu, ruwan sukari take sha ta tafi makaranta. Ranar da aka samu kuwa, ci take har numfashinta ya yi sama, don ba ta san ko gobe akwai ba. A asibiti ma cewa suka yi jininta ya yi ƙasa."

Ta taɓe baki. "Yunwa mai sa ƙiba! Yau na ji sabon salo."

Na juya wajen mutumin da ya shekara yana kirana hasken idonsa.

"Faɗa mata mana. Ba da idonka ka ga Gimbiya tana ɓoye burodi a ƙarƙashin matashi ba?"

Ya hau sosa ƙeya. "Abar ƙaunata... ki fahimce ni. Yaya na ganin... ko yarinyar za ta koma wajen kakarta, har ta ɗan rage jiki?"

Dariya ta kuɓuce min. Ƙaton namiji, mai ɗaga janareta shi kaɗai a wurin aiki, ya kasa ɗaga kai a gaban yayarsa!

"Kakar da ita ma sau ɗaya take ɗora tukunya a rana? Tashi ka bi yayarka, kar ka ɓata a hanya."

"Wallahi ina son ki!"

"Na gani. Ja min ƙofa."

Suka fita, yana waiwaye. Hawaye ko ɗigo ban yi masa ba, bai kai ba.

Sai Gimbiya ta taɓa gwiwar hannuna, muryarta can ƙasa.

"Umma... in na daina cin abinci, zai dawo?"

Na durƙusa na rungume ta, kuka ya ƙwace min.

"Ba za ki daina ba, uwata. Ko don wa."