Ta Yanka da Hannun Dama

Ersilia, tsohuwar malamar tarihi a Bologna, ta daɗe tana yi wa masu cewa tarot kartar duba ce da ta fito daga Masar dariya. A wurinta wasan fadawan Italiya ne kawai. Amma daren da likitoci suka fid da rai da jikarta, ta iske wani mai duba da kartar tarot da ɗan teburinsa a rumfar bakin titi, ta zauna.

"Bawan Allah, duba mini. Yarinyar za ta kai safe?"

"A'a, Malama! Yau ke ce a gabana? Yanka kartar."

Muryarsa kamar ana murza busasshiyar takarda, jikinsa na warin ɗanyen fenti. Ta yanka da hannun dama, yadda ta saba a teburin wasa.

"Mai neman duba da hagu take yankawa. Ke wasa kika nema. In kin cinye ni, yarinya ta kai safe."

"Don Allah bari in sake!"

Ya riga ya fara rabawa. Da ya juya gefe zai ajiye ragowar, sai ta ga ba shi da kauri ko kaɗan, siriri ne kamar gefen karta.